Gidanka Ne, Amma Sai Ka Nemi Izini

Germantown ce, a jihar Maryland, arewa da birnin Washington. Alhaji Bakano ya zo daga Kano zai saya wa ɗansa gida, yaron na aiki a birni. Bazazzagi, wanda ya daɗe a Amurka yana dillancin gidaje, shi ya ɗauko shi.

BAZAZZAGI: Alhaji, bisimilla, sauko ka ba idonka abinci. Ni ɗin nan da kake gani, rabin gidajen unguwar nan ta hannuna suka bi.

BAKANO: Wanne ne namu? Ni dogon gini ɗaya nake gani mai ƙofa takwas, kamar layin shaguna a Kantin Kwari.

BAZAZZAGI: Gida takwas ne a jere, kowa da nasa. Naka shi ne na huɗu. Hawa uku, gareji a ƙasa, falo da kicin a tsakiya, ɗakunan kwana a sama.

BAKANO: Bangon dama na wa ne?

BAZAZZAGI: Kai da maƙwabci.

BAKANO: Na hagu fa?

BAZAZZAGI: Kai da ɗaya maƙwabcin.

BAKANO: To ashe bango biyu da rabi biyu nake saye. A cire mini kuɗin rabi biyun. Nawa aka yi masa kuɗi?

BAZAZZAGI: Dala 480,000.

BAKANO: Na saya 300,000.

BAZAZZAGI: Albarka. Alhaji, nan idan gida ya yi kyau, masu saye ƙari suke yi a kan kuɗin da mai shi ya faɗa.

BAKANO: Ƙari? Mai kaya ya yanka farashi, kai kuma ka ce ya yi kaɗan? Lalle Zagezagi ne suka koya musu ciniki.

BAZAZZAGI: Ka dai bari. Idan ta banki za a bi, bashi ne na shekara 30. In kafin alƙalaminka bai kai kashi 20 cikin 100 ba, sai ka ƙara biyan wata inshora duk wata, wadda banki take karewa, ba kai ba.

BAKANO: Ni da kuɗin ruwa? Allah ya kiyaye. Lakadan zan biya, in karɓi makulli, kowa ya kama gabansa. Daga ranar ba mai ƙara tambayata ko sisi.

BAZAZZAGI: E to... kusan haka ne.

BAKANO: Ban son wannan "kusan" ɗin. Kwance mini shi.

BAZAZZAGI: Ƙananan abubuwa ne. Ranar sa hannu akwai kuɗin takardu da harajin sauya suna. Sai harajin gida da ƙaramar hukuma ke karɓa, wajen kashi 1 cikin 100 na darajar gidan.

BAKANO: Sau ɗaya?

BAZAZZAGI: Sau ɗaya a shekara.

BAKANO: Har yaushe?

BAZAZZAGI: Har magada su ɗora. Sai inshorar gobara da iska. A wasu sababbin unguwannin Maryland kuma akwai kuɗin bututun ruwa da magudana da magini ya shimfiɗa, ana biya duk shekara, shekara 20 ko fiye. Sai kuma kuɗin Ƙungiya, dala 165 a wata.

BAKANO: Wace ƙungiya? Ni ban shiga ba. Ko a gida ba na ɗarika, ba na jam'iyya.

BAZAZZAGI: Ƙungiyar masu gidaje, HOA suke ce mata. Ba a shiga, ba a fita. Da ka sa hannu a takardar gida ka zama ɗan ƙungiya.

BAKANO: In na ƙi biya fa?

BAZAZZAGI: Su ci ka tara. In ka ƙi, su ɗora bashin a kan takardar gidan. In abin ya yi nisa, doka ta ba su hanyar sa gidan a gwanjo.

BAKANO: Gidan da na biya lakadan?

BAZAZZAGI: Shi fa.

Ana cikin haka sai ga Bakatsine cikin babbar riga ta shadda, ya jawo kwandon shara mai taya yana sauri, yana waige-waige.

BAZAZZAGI: Yauwa, ga shaida Allah ya kawo. Malam, ga Alhaji daga Kano. Gaya masa daɗin unguwar nan.

BAKATSINE: Sannu da zuwa, Alhaji, ya hanya? Unguwa kam sai godiya. Ba mu da kukan komi.

BAKANO: To gudun me kake da kwandon shara?

BAKATSINE: Ba gudu ba ne, motsa jiki ne. An kwashe shara da safe, ka'ida ce kada kwando ya kwana a waje. Ni kuma ban so a rubuto mani takarda. Ba don tsoro ba. Kunya.

BAKANO: An taɓa rubuto maka?

BAKATSINE: Gaisuwa ce dai suke aikowa lokaci-lokaci, da hoton kwandon a ciki.

BAKANO: Mu zo maganar mota. Yarona na da mota, matarsa na da mota. Ƙaninsa zai zauna da su, yana jigilar kaya da farar bas mai rubutu a jiki. Ni ma in na zo sai na ɗauki ta haya.

BAZAZZAGI: Gidan na da wurin mota biyu. Ɗaya cikin gareji, ɗaya a bakin garejin.

BAKANO: In ta ciki za ta fita fa?

BAZAZZAGI: Sai a tashi mai ta waje.

BAKANO: Da asuba?

BAKATSINE: Ana sabawa. Ni da uwargida ta nan muke gaisawa.

BAKANO: Ga fili can da fararen layuka, ba kowa. Bas ta kwana can.

BAZAZZAGI: Wancan na baƙi ne. Mazauni ba ya ajiyewa a wurin. Bas mai rubutun kasuwanci kuwa, littafin unguwar nan ya hana ta kwana ko'ina a ciki.

BAKANO: To ƙanin nasa baƙo ne. Ni na haife shi, na kuma ce baƙo ne.

BAZAZZAGI: Baƙo a nan kwana uku ne, da kati rataye a madubi.

BAKANO: Wannan kam sun yi daidai da sunna. To ranar suna fa? Matar yaron wata bakwai gare ta. Mutanenmu na Baltimore za su zo, na New York za su zo, mota 40 ba ta kasa ba.

BAZAZZAGI: Wurin baƙi 12 ne.

BAKANO: Na gidan?

BAZAZZAGI: Na unguwar. Gida 96.

BAKATSINE: Ni da na yi suna bara, lafiya lau aka watse.

BAKANO: Kowa ya tafi a motarsa?

BAKATSINE: Mafi yawa. Bakwai ne janwe ya ja, har da ta liman. Shi ma laifin masu addu'a ne, sun tsawaita.

BAKANO: Wa ya biya kuɗin karɓo su?

BAKATSINE: Haba Alhaji, Bakatsine zai bar baƙonsa ya biya? Ragon suna dai ya fi su arha.

BAKANO: Af, ka tuna mini. A ina ake ɗaure rago?

BAZAZZAGI: Wane rago?

BAKANO: Na layya mana. Ga 'yar ciyawa nan a baya, a kafa turke.

BAZAZZAGI: Alhaji rufa mini asiri, da lasisi nake aiki. Gona ake zuwa can bayan gari, a yanka a feɗe, ka dawo da nama a leda. Ciyawar ma ta Ƙungiya ce, ita ke aske ta. Naka ya ƙare daga inda dakalin katakon nan ya tsaya.

BAKANO: To zan ja katanga, iyali su samu sutura.

BAZAZZAGI: Sai ka rubuta wa kwamitin fasalin gini, su faɗa maka tsawo da launi. Ko ƙofar nan za ka sake wa fenti, sai sun ga kalar.

BAKANO: In sun ga hulata sun ƙi ni fa?

BAZAZZAGI: Wannan kam ba su isa ba. Tun 1968 dokar tarayya ta hana a ƙi mutum a harkar gida saboda addini ko launin fata ko ƙasar asali. Kuma tun 1996 ba su da ikon hana ka kafa ƙaramin dish, in bai wuce mita ɗaya ba, a wurin da yake naka kai kaɗai.

BAKANO: Madalla. Ina da 'yancin hula da dish. To ita dala 165 ɗin, me ake ba ni?

BAZAZZAGI: Yanzu ka zo inda nake so! Kwashe shara. Askin ciyawa. Ture dusar ƙanƙara daga titi lokacin sanyi. Ga kwamin ninkaya can, ruwa garai-garai.

BAKANO: Na ga an lulluɓe shi da tamfol.

BAZAZZAGI: Ana buɗewa ƙarshen watan Mayu, a rufe farkon Satumba.

BAKANO: Wata uku ke nan. Sauran wata tara ana rage kuɗin?

BAZAZZAGI: A'a.

BAKANO: Malam, kai kana shiga?

BAKATSINE: Ni? In tuɓe a gaban jama'a, maza da mata? Ko ta gefen ban bi. Amma ina biya a kan lokaci, kada a ce don kuɗi ne.

BAZAZZAGI: Ga filin tanis. Ga ɗakin taro, ana haya. Ga kuma wancan mai shingen waya, wurin shan iskar karnuka.

BAKANO: Tsaya. Maimaita.

BAZAZZAGI: Inda karnuka ke wasa. Har da famfon shan ruwansu.

BAKANO: Kare na da fili da shinge da famfo a cikin kuɗina, ragona ba shi da turke, bas ɗin ɗana ba ta da makwanci. Ana ce wa Kano ko da me ka zo an fi ka. Yau na ga inda aka fi mu.

BAKATSINE: Kada ka damu, Alhaji, ba kullum ake ƙara kuɗin ba. Shekara-shekara ne. Sai dai in an yi karo-karo na musamman.

BAZAZZAGI: Malam, ba shara za ka shigar ba?

BAKANO: Ƙyale shi. Wane karo-karo?

BAKATSINE: Titunan cikin unguwa na Ƙungiya ne, ba na gwamnati ba. Akwai asusun ajiya da ake tarawa don babban gyara. In kwalta ta mutu aka buɗe asusun aka tarar bai kai ba, sai a raba cikon a kan gidaje. Mu dala 2,000 kowane gida ya ba da. Shi ya sa mai wayau, kafin ya saya, yake cewa a nuna masa abin da ke cikin asusun da rahoton tarurruka.

BAKANO: Kai ka duba?

BAKATSINE: Na ji nauyin tambaya.

BAKANO: Kai dillali, duk wannan yana rubuce?

BAZAZZAGI: Yana cikin littafi, shafi wajen 200. Dokar Maryland ta ce a ba mai saye takardun, yana kuma da kwana 5 bayan ya karɓa da zai iya fasawa.

BAKANO: Kai ka karanta?

BAZAZZAGI: Ni? A Zariya aka haife ni, garin ilimi. Kallo ɗaya na yi wa bangon na gane abin da ke ciki.

BAKANO: To ina son ganin sarkin Ƙungiyar nan. A kai ni fadarsa, mu gaisa, in ɗan sa masa albarka a aljihu.

BAZAZZAGI: Ba sarki. Maƙwabta ne ake zaɓa, mutum biyar, kowane gida ƙuri'a ɗaya.

BAKANO: Nawa ne albashinsu?

BAZAZZAGI: Ba albashi. Sa kai ne.

BAKANO: Ba albashi, kuma su bi layi suna ɗaukar hoton kwandon shara? Wane irin marar aikin yi ne zai karɓi wannan?

BAKATSINE: Ni ne ma'aji.

BAKANO: Kai?

BAKATSINE: Na je taro in kai kukan motar liman. Mu shida ne a ɗakin. Aka ce wa zai riƙe kuɗi, kowa ya duƙar da kai, ni kuma na ji kunyar cewa a'a.

BAKANO: To wa ke aiko maka da takardar kwando?

BAKATSINE: Kamfanin da muka ɗauka yana kula da unguwa. Ni ke sa hannu a biya su.

Sai aka ji ƙarar sarƙa daga bakin layi.

BAKATSINE: Dillali, baƙar motar can da ke gefen jan fenti, ba taka ba ce? Wurin 'yan kwana-kwana ne fa.

BAZAZZAGI: Bar su, duk masu janwen yankin nan sun san ni. In suka ga lambar... Kai! Kai! Mota na! Ya ɗaga shi! Ya tafi da shi!

BAKANO: Ga Zazzaganci ya dawo, Turanci ya gudu. Malam, nawa ake karɓo ta?

BAKATSINE: Ya haura dala 100, ban da kuɗin kwana.

BAKANO: A rana mota nawa yake ja?

BAKATSINE: Ran Asabar, in ana biki, ba ya zama.

BAKANO: Shi ma yana biyan kuɗin kwamin ninkaya?

BAKATSINE: Ina fa. Ba a nan yake zaune ba.

BAKANO: Dillali, dawo! Bar gudun nan, ba za ka kamo shi ba. Na fasa gidan. Janwe nawa yake, kuma ina ake yankar fam?