Tsimin Kuɗin Waya da Abin da Ya Biyo Baya

Akwai wani shafi a cikin saitin kowace wayar zamani da ke nuna yawan datar da mutum ya sha a wata, kuma ina ba duk mai son barci mai daɗi shawarar kada ya buɗe shi da dare. Ni na buɗe, sai na tarar cewa babban tsarin da nake saya kowane wata ko rabinsa ba na amfani da shi. Ragowar tana ƙonewa ranar da wa'adi ya cika, sannan kamfani ya sabunta mini da kansa ya cire kuɗinsa, wai ni ne na amince da hakan tun ranar da na danna wani maɓalli da ban tuna da shi ba. Washegari na tara iyalina na sanar da su cewa zamanin almubazzaranci ya ƙare a gidan nan, kuma da wayata za a fara domin in zama abin koyi. Uwargida ta ce Allah ya ba da sa'a, da irin muryar da take amfani da ita duk lokacin da na ce zan gyara famfo da kaina.

Matakin farko shi ne neman layi mai araha. A ƙasashe da yawa akwai ƙananan kamfanonin waya da ba su da ƙarfen sabis ko guda ɗaya: suna sayen sabis ne a sari daga manyan kamfanoni, su sayar wa jama'a da sunansu. Virgin Mobile, wanda ya fara aiki a Birtaniya a 1999, yana cikin na farko da suka yi suna da wannan tsari. Tun da ba su kafa ƙarafa ba su kuma gyara su, sannan ofisoshinsu kaɗan ne, suna iya rage farashi su ci riba. Wanda ya sayar mini da sim ɗin ya rantse cewa ƙarfen manyan kamfanoni zan riƙa hawa, kuma gaskiya ya faɗa. Abin da bai faɗa ba shi ne ƙarfen wane kamfani, domin nasu hayar sun yi ta ne a wurin wani daban, wanda ƙarfensa mafi kusa da gidana yake can nesa. Da na zagaya gidan ɗaki-ɗaki da wayar a sama, sai na gano cewa sabis ɗin sabon layina yana zaune ne a wuri guda tak, wato bakin tagar banɗaki, kuma sai mutum ya ɗan yi ɗage.

Ban karaya ba, tun da wayata mai ɗaukar sim biyu ce. Na bar tsohon layi domin karɓar kira da lambobin sirri da banki ke turowa, na soke tsarinsa na wata, na mayar da data kan sabon. A takarda babu tsarin da ya fi wannan kyau. Sai dai wayoyi da yawa suna da wata dabara ta taimako: idan layin da aka zaɓa wa data ya rasa sabis, sai su koma kan ɗayan da kansu domin kada intanet ta yanke. Wannan dabara a kunne take a tawa. Layin da ba shi da tsarin data kuwa daga kuɗin kira ake cire masa, megabait bayan megabait, a farashin da ya fi kowanne tsada. Saboda haka duk lokacin da na bar bakin tagar nan, wayata cikin ladabi da biyayya takan koma tsohon layi ta ci gaba da aiki, ni kuma ina yabon sabon kamfani a gaban abokai cewa sabis ɗinsa ya gyaru. Katin da na sa domin ko-ta-kwana bai kwana ba.

Daga nan na koma saƙon tes, wanda na ɗauka ba shi da wani ɓoyayyen hali. Saƙo ɗaya yana ɗaukar harafi 160, kuma mutum mai tsari zai iya faɗin abu mai yawa a ciki. Amma wannan adadi na saƙon da aka rubuta da haruffan da tsarin layukan waya mai suna GSM ya sani ne, kuma ɓ da ɗ da ƙ ba su cikin jerin. Da zarar ɗaya daga cikinsu ya shiga, ko da hoton fuskar murmushi ne ma, sai wayar ta koma wani tsari mai faɗi da ke ɗauke da haruffan harsunan duniya, inda saƙo ɗaya harafi 70 ne kawai, idan kuma ya zarce a yanka shi gida-gida, kowanne harafi 67. Ni kuwa mutum ne mai kiyaye ƙa'idar rubutu, ba na barin ƙugiya ko ɗaya. Saƙon da na auna na ƙirga ya tsaya a harafi 150, ina murna na bar sarari, ashe kuɗin saƙo uku ake cira. A iya sanina ni kaɗai ne aka taɓa ci wa tara saboda iya rubutu.

Tsarin dare ban daɗe a kansa ba. Data ce mai araha ƙwarai, domin a lokacin yawancin mutane suna barci, ƙarafan sabis kuma ba su da aiki, sai dai tana farawa ne da tsakar dare ta ƙare kafin gari ya waye. Na sa agogo ya riƙa tashina, ina tsayuwa a bakin taga ina sauke abubuwan da ban ma san ina bukatarsu ba, don kawai kada a ce na bar ragowa. Ranar da maigidana a wurin aiki ya tambaye ni ra'ayina a tsakiyar taro, na farka na ce na goyi baya, alhali sunan wanda za a ɗora wa ƙarin aiki ake nema, ranar na rufe wannan babi.

Wi-Fi ne ya fi kama hankalina, saboda lissafinsa a fili yake. Kiran murya ta intanet, irin wanda WhatsApp ya ƙaddamar a 2015, bai cika wuce megabait ɗaya a minti ba, wato gigabait ɗaya zai iya ɗaukar hirar sama da awa 16. Bidiyo ne ke cinye dukiya, domin Netflix, kamfanin kallon fina-finai ta intanet, da kansa ya ce kallon awa ɗaya a hoto mai tsabta yana iya shan gigabait 3. Dabara ke nan mutum ya yi magana da datarsa, ya kuma bar duk wani abu mai nauyi sai ya samu Wi-Fi. Ni ba ni da shi a gida, amma yayana yana da shi, kuma a daidai wannan lokaci ne na lura cewa na yi sakaci da zumunci. Na fara kai masa ziyara akai-akai. Nakan gaishe shi a tsanake, in tambayi lafiyar yara ɗaya bayan ɗaya, in zaɓi kujerar da ta fi kusa da na'urar Wi-Fi, in kifa wayar a kan cinyata tana aikinta a ɓoye. Da farko ya ji daɗi har yana ba mutane labarin yadda na canza. Abin da ya tona mini asiri shi ne wata rana da na tarar ba ya nan, maimakon in koma sai na tsaya jikin katangarsa inda sabis ke ɗan leƙowa, ya dawo ya same ni a wurin.

"Ƙanena, ni ka zo gaisarwa ko katanga?" in ji shi.

Na ce, "Yaya, jiranka nake yi."

Ya ce ya gode, amma yana so in sani araha ba ta ado, kuma da zan haɗa kuɗin motar da nake kashewa zuwa gidansa da tuni na sa nawa a ɗakina. Da na koma ziyara ta gaba an canza kalmar sirri, yaran kuma duk sun ce ba su sani ba, suna kallon ƙasa.

Babbar musiba ta zo ne ta hannun kwamfuta. A farkon wata, tsarin datata mai araha na cike fal, ɗana ya zo ya ce yana da aikin makaranta da sai an duba intanet. Na ɗaure wayar a bakin taga, na kunna hotsifot, wato hanyar raba wa kwamfuta datar waya, na ba shi sharaɗin cewa shafi biyu zai buɗe, babu bidiyo, babu kiɗa, kuma na zauna a bayansa ina gadi. Yaron bai saɓa ko ɗaya ba. Abin da ya faru shi ne sau da yawa kwamfuta ba ta bambanta hotsifot ɗin waya da Wi-Fi na gida, sai an shiga saiti an gaya mata cewa wannan layi a ƙirge yake. Wannan kuwa ta daɗe ba ta ga intanet ba, saboda haka ta afka wa datata kamar raƙumin da ya fito daga sahara ya ga rijiya. Ta fara sauke duk gyare-gyaren manhajojinta da suka taru, tana kuma tura hotunan da ke cikinta zuwa ma'ajiyar intanet, duk a bayan fage, alhali a fuskarta shafin aikin makaranta ne kawai a buɗe, fari tas, babu ko motsi. Na ji ƙarar saƙo daga banɗaki, ashe cewa yake na sha rabin datata. Kafin in miƙe wani ya shigo cewa saura kaɗan. Na zabura zuwa banɗaki domin in kashe, santsi ya ɗebe ni, kuma ina zaune a ƙasa saƙo na uku ya iso yana mini godiya tare da tallata mini sabon tsari.

"Baba, ya tsaya," in ji yaron daga falo.

Domin adalci, akwai abubuwan da suka yi aiki, sai dai ba su da armashin ba da labari. Hana manhajojin hira sauke hotuna da bidiyo da kansu ya rage abu mai yawa, musamman daga zauren dangi inda mutum goma za su turo bidiyo ɗaya. Haka ma maɓallin tsimin data da wayoyin Android suke da shi tun 2016, da rage tsabtar hoton bidiyo, da sayen tsarin da ya yi daidai da abin da nake sha. Duk waɗannan a zaune ake yinsu cikin 'yan mintoci, shi ya sa ban ɗauke su da muhimmanci ba.

Dabarar da na fi alfahari da ita ita ce fulashin, wato in kira in katse kafin a ɗauka, wanda ke da bukata ya biyo. Abokai sun gaji da wuri suka daina biyowa, amma uwargida ba ta taɓa fashi ba, ko da kuwa abin da zan tambaya inda na ajiye mabuɗi ne. A ƙarshen wata na sake tara iyali, na buɗe littafin lissafi, na nuna musu da alƙaluma cewa abin da nake kashewa a kira ya ragu ƙwarai, na kuma ja hankalin uwargida cikin lumana cewa nata ya kusa ninkawa, ya kamata ta yi koyi da ni. Ta karɓi littafin ta duba shi sama da ƙasa.

"Maigida, wa nake kira da katin?"

Na ce ni.

"Wa kuma yake sa mini katin?"

Na ce wannan tambaya ce mai kyau, za a duba ta a zama na gaba, na rufe taro. Da yamma na yi mata fulashin daga wurin aiki, sai ita ma ta yi mini fulashin.