Daren da na yi gadin ram

Ni da hannuna na haɗa kwamfutar, kuma duk wanda ya shigo gidan a makon nan sai da ya ji labarin, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Na dasa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, na ɗaure madabod, babban faifan da komai ke hawa kansa, na cusa sandunan ram biyu, ma’ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, kowanne gigabait 16. Danna maɓalli sau ɗaya ta tashi. Na tsaya ina kallon fankokin suna juyawa kamar wanda aka yi wa albishir da haihuwa. Littafin bayanin madabod kuwa ko buɗe shi ban yi ba. Ƙafar teburin ɗaya tana rawa, sai na ninke shi na tokare ta, na ce ga aikin da ya dace da shi.

Kwana biyu ana zaman lafiya, sai karambani ya kai ni Task Manager, inda Windows ke nuna yadda kwamfuta ke aiki. A kwalin ram an rubuta gudunta, 3600, da manyan lambobi. A allona kuwa 2133. Na goge ido, na sake dubawa, tana nan daram. Nan take na yanke hukunci an cuce ni, har na fara tsara maganganun da zan yayyaɓa wa wanda ya sayar mini.

Ƙanena ne ya tare ni a waya. Ya ce, “Yaya, ba wanda ya cuce ka. Haka irin ram ɗinka, DDR4, take tashi, a hankali, da wuta bolt 1.2, don ta yi aiki a kowane madabod. Lambar kwalin sai ka shiga bayos, wato saitin madabod, ka kunna XMP.” Ashe saitin gudun yana ajiye a cikin sandar kanta, jira kawai yake a kira shi. Na ce masa ai na sani, gwada shi nake yi.

Na kunna. Wuta ta hau 1.35, kwamfuta ta tashi. Na buɗe CPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kayan cikin kwamfuta, don in more nasarata, sai na ga 1800. Wato na gyara abu ya ragu! Na sake kiran yaron cikin fushi. Sai da ya gama dariyarsa tas, sannan ya ce in ninka biyu. Ram ɗin tana aika bayanai sau biyu a kowane bugu na agogonta, shi ne ma ma’anar sunan DDR. Na kashe wayar ban yi sallama ba.

Da daddare shuɗin allo na farko ya bayyana, wanda Windows ke nunawa in kwamfuta ta faɗi. MEMORY_MANAGEMENT, in ji shi. Washegari wani ya zo da suna mai tsawo kamar kirarin basarake, IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL. Abin haushin, ba ya zuwa sa’ad da nake zaune ina jiransa. Sai na yi nisa da aiki, ban adana ba, sannan zai leƙo.

Girman kai ya hana ni kira na uku. Na yi karatun awa biyu a intanet na fito ƙwararre. Abin da na fahimta shi ne, ram in tana tangaɗi yunwar wuta take ji. Na koma bayos, sai na tarar wutar ba ɗaya ba ce: ga ta ram, ga ta sashen furosesa mai kula da ram, ga waɗansu masu sunaye kamar lambar mota. Allah ya so ni ban zuba 1.35 a gidan na biyun ba, domin shi kusan 1.1 yake zama, kuma shi ne wanda in ka cika masa ciki furosesan kansa ke ji a jikinsa. Na ɗaga ta ram zuwa 1.40. Ta faɗi. Na kai 1.45. Ta faɗi da wuri fiye da da. Wannan ya ɗaure mini kai, don ban san cewa ƙarin wuta ƙarin zafi ne ba, kuma ram in ta yi zafi kuskurenta ƙaruwa yake yi. Ga kuma katin hoto a ƙasanta yana huro mata iska mai ɗumi.

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa sai idona ya faɗa kan waɗansu lambobi huɗu, 18-22-22-42. Na karanta cewa su ne lokacin jiran da ram take yi kafin ta amsa, kuma ƙaramar lamba ta fi sauri. To me zai sa a yi ta jira? Na mai da 18 ta koma 14. Tunanina a lokacin, in har za ta faɗi, gara ta faɗi da gudu.

Ba ta faɗi ba. Tashi ma ta ƙi yi. Fankoki na juyawa, allo baƙi ƙirin, wata ’yar fitila a gefen madabod ta kafe a kan DRAM, wato ram, tana harara ta. Uwargida ta leƙo ta ce, “Maigida, wannan ce wadda ka ce ta fi ta ofishinku sau goma?” Na ce tana tunani ne. Ta ce to a bar ta ta yi, kada a katse mata.

Maganin wannan, a cire batirin madabod, ɗan faifan nan CR2032 mai kama da kwabo, don bayos ya manta duk ɓarnar da aka koya masa. Na zare wuta, na sa farce, na danna, batir ya yi tsalle ya gangara ƙarƙashin tebur. Na durƙusa ina lalube da fitilar waya. A nan ne, ina rub da ciki cikin ƙura, na yi ido huɗu da littafin da na tokare tebur da shi.

Na zaro shi, teburin ya ci gaba da rawarsa. Shafin ram yana da zane wanda ko ɗan firamare zai gane: in sanda biyu gare ka, sa su a A2 da B2, wato rami na biyu da na huɗu daga furosesa. Ni na sa nawa a na ɗaya da na uku, saboda sun fi kusa, kuma a ganina kusa ta fi sauri. Ashe a yawancin madabod masu rami huɗu, layin saƙo yana bi ta rami na farko ne ya ƙare a na biyu. In ka bar na ƙarshen fanko, saƙon yakan doki bango ya dawo kamar amsa-kuwwa, ya rikita wanda ke biye da shi. A 2133 ba a jin komai. A 3600 kuwa sai rigima. Kwana uku ina ɗura wa baiwar Allah wuta, alhali kujera ce ba tata ba.

Na sauya ramukan, na mai da batir, na sa MemTest86, manhajar gwajin ram, a filas na tashe ta da shi. Zagaye huɗu yake yi, kuma da gigabait 32 awoyi ne masu yawa. Na ja kujera na zauna gadi, ina jiran jan layin da ke nuna kuskure. Sau biyu gyangyaɗi ya kwashe ni na farka a firgice. Gari na wayewa ya gama: kuskure sifili. Na ɗauki hoto na tura wa ƙanena, da ɗan rubutu a ƙasa game da bambancin gogewa da yarinta.

Amsarsa layi ɗaya ce. “Yaya, bayan ka cire batir ka sake kunna XMP?”

Na buɗe Task Manager a hankali. 2133. Dare guda cur na kwana ina gadin ram a gudun da ba ta taɓa yin laifi a cikinsa ba.

Na kunna XMP, na bar wuta a 1.35 yadda masu ita suka rubuta, ban taɓa ko lamba ɗaya ba, na sake sa gwajin. Wannan karon na je na kwanta, ko da yake sau uku na taso da sanɗa na leƙa. Da safe sifili ne kuma, a 3600 na gaskiya. Ban tura wa kowa hoto ba.

Makonni ke nan ba ta faɗi ba. Sai dai shekaranjiya Windows ta sauya hoton allon kulle da kanta, ta kawo wani teku shuɗi shar. Kafin in gane ruwa ne, har na zare wuta na durƙusa da sukudireba a hannu, uwargida na tsaye a ƙofa tana tambaya ko ta sake shiga tunani ne.