Injin jakfot ba ya cika, balle ya yi amai

Jiya bayan la'asar na biyo ta unguwar Aboabo a Kumasi, na tarar da ɗan yayata a lungun wani shago, ya tsaya bayan mai buga injin jakfot, wato injin caca. Na ce me kake jira? Ya ce, "Kawu, tun safe yake haɗiyar kuɗi bai ba kowa ba. Ya cika, yanzu zai yi amai." Wallahi maganar nan ta hana ni barci, don ita ke cinye kuɗin samarinmu a zangunan Kumasi.

Injin nan ba randa ba ne da za ta cika ta tumbatsa. A cikinsa akwai 'yar kwamfuta mai jefo lambobi barkatai, ko ana wasa ko ba a yi. Lambar da ta faɗo lokacin da ka danna, ita ce rabonka. Jujjuyawar lemo da kankana da ƙararrawa a gilashi ado ne kawai, an riga an yanke hukunci. Bai san ka faɗi sau 50 ba. Bugu na 51 daidai yake da na farko. In bakwai biyu suka jeru, ta uku ta goce, sai yaro ya ce saura ƙiris. Babu wani ƙiris, faɗuwa ce irin kowace.

Ga lissafin da nake so kowa ya riƙe. A ce an saita inji ya riƙa mayar da 90 cikin 100. Ka zuba sidi 100, kuɗin Ghana, ka samu 90. Ka sake zubawa, 81. Ka sake, kusan 73. A haka har aljihu ya bushe. Kuma kason nan a kan dubban bugun jama'a ake lissafa shi, ba naka kai kaɗai ba. Wanda ya ci sidi 200 yana tsalle, kuɗin maƙwabtansa aka ɗan tsakura masa.

Mun san abin da aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta faɗa kan caca, amma yaron da ya gaskata inji ya cika, wa'azi kaɗai ba ya tsayar da shi. A nuna masa lissafin.

Dokar caca ta 2006, wadda ta kafa hukumar kula da caca ta Ghana, ta hana wanda bai kai shekara 18 ba yin caca. Ɗan yayata shekararsa 16. Gobe in Allah ya kai mu zan koma wurin mai shagon da dattawan layinmu biyu, ya nuna mana lasisinsa.