Wai babana ne Ximen Qing

Makon jiya a kantin halal na makarantarmu nan Jinan a ƙasar Sin, wani ɗan ajinmu ya tambaye ni mu nawa ne a gida, na ce mu goma sha huɗu ne, babana matansa uku. Kawai sai ya tuntsire da dariya ya ce ashe babanka Ximen Qing ne. Ni ma na yi yaƙe don ban san sunan ba, sai da na koma ɗaki na bincika, wallahi har yanzu abin na cina.

Ximen Qing ɗin nan shi ne jarumin Jin Ping Mei, littafi mai babi 100 na ƙarshen zamanin daular Ming ta Sin, marubucin ma ɓoye sunansa ya yi. Attajiri ne mai shagon magunguna a nan lardin Shandong, matansa shida, shi da wata matar aure Pan Jinlian suka haɗa baki aka ba mijinta guba ya mutu sannan ya aure ta, ƙarshe maganin ƙarfin maza ya aika shi lahira yana da shekara 33. Batsar ciki kuwa ba a magana, Baturen da ya fassara shi a 1939 da Latin ya rubuta wuraren, su kansu 'yan Sin bugun 1985 sai da suka yanke haruffa wajen dubu 19. Amma Hong Kong ba su ji kunya ba, suka yi fim a 1974, har da Jackie Chan ɗinmu a ciki yana yaro mai tallan 'ya'yan itace.

Gaskiya malamansu na ganin girman littafin, sun ce ya tona asirin cin hanci da yadda kuɗi ke lalata gida, ban musa ba. Mu ma ai muna da namu na WhatsApp da ake karantawa cikin bargo, amma dai mu ba mu ɗauke su muna auna iyayen mutane da su.

Shi yaron nan da ya ji mata uku guba kawai ya hango. Ni kuwa kishiyar uwata ce ta goya ni, ita ta sayar da awakinta ta cika min kuɗin fasfo. Daren nan ita na kira, ban gaya mata komai ba, ta ce muryata ta canza ko dai ba na cin abinci, wai za ta nemi mai zuwa ya taho min da yaji da daddawa.