Ba hazo kaɗai muke shaƙa ba, a faɗa wa mutanen zango da harshensu

Duk shekara idan hunturu ya kama, daga Disamba zuwa Fabrairu, sararin Kumasi a Ghana yakan yi fari fat, kowa ya ce hazo ne. Gaskiya akwai ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara. Amma wanda ya taɓa bin hanyar Ejura, ko ta Techiman zuwa Kintampo, a wannan lokaci ya san da sauran magana. Daji ne ke ci da wuta dama da hagu: manomi na share gona, maharbi na koro gyazbi, makiyayi na son sabuwar ciyawa ta tsiro. Iskar arewa sai ta haɗa hayaƙin da ƙura, ta sauke mana har unguwanninmu na zango, Aboabo da Asawase.

Dattawanmu ba su manta 1983 ba, shekarar da fari da gobarar daji suka cinye gonakin koko da na abinci, yunwa ta shiga gidaje. A 1990 gwamnatin soja ta PNDC ta kafa doka mai lamba 229 kan hana ƙona daji. Tun daga nan, idan jami'in kashe gobara ya hau rediyo, maganarsa ta dukiya ce: gona ta ƙone, rumbu ya ƙone, turakun lantarki sun faɗi. Shi ya sa mutumin zango yake jin zancen kamar ba nasa ba, tunda ba shi da gona a Atebubu. Ba a faɗa masa cewa rabonsa na wannan wuta yana shiga ta hancinsa ba.

A cikin hayaƙin akwai ƙananan ɓurɓushi da masana ke kira PM2.5. Sai an jera kusan talatin kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya. Gashin hanci ba ya tare su, suna wucewa can cikin huhu, wasu har cikin jini. Mai asma, mai ciwon zuciya, tsoho, mai juna biyu da jariri su ne suka fi jin jiki. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada matsakaicin yini ya wuce maikirogiram 15 a kowace mita kubik ta iska. To amma don Allah, wa zai tsaya gaban Hajiya mai waake a bakin titi ya karanta mata wannan lissafi? Abin da za ta gane shi ne a ce: "Hajiya, in kin fito da asuba kin ji ƙaurin ƙonanniyar ciyawa, idonki na yaji, kada ki goyo jikanki zuwa wurin sana'a yau."

Shawarar da aka saba bayarwa ma, wato kowa ya zauna a ɗaki ya rufe taga, an yanko ta ne daga ƙasashe irin Amurka, inda hayaƙin gobarar Kanada ya rine sararin New York a watan Yunin 2023. Can akwai na'urar tace iska a gidaje da yawa. Nan kuwa 'yar kayayo mai dakon kaya a kasuwar Kejetia, da mai tuƙa pragya, wato keke mai ƙafa uku, da makanike a Suame, in ba su fita ba ba za a ɗora tukunya ba. Kuma a gidan haya mai ɗaki goma, gawayi na ci a tsakar gida tun asuba. A ba mutane abin da za su iya: a daina ƙona shara a lungu a kwanakin da sama ta yi duhu, a yayyafa ruwa kafin shara, a janye yara daga murhu, mai asma ya riƙe maganin shaƙarsa a aljihu. A kuma faɗi gaskiya game da takunkumi. Gyale da jiƙaƙƙen hankici suna rage babbar ƙura ne kawai, takunkumin N95 da ya kama fuska sosai shi ke tare ƙananan.

Sai batun bakin da zai faɗa. Sanarwar Turanci a Facebook ba ta isa ɗakin kakata. Lasifikar masallaci tana isa, haka malamin makarantar allo, da shugabar mata a wurin suna, da shirin Hausa na rediyo bayan isha'i. Lokacin korona da waɗannan bakunan aka yi aiki, mutane kuma suka ji. Me zai hana hukumar kare muhalli da ta lafiya su tura wa limamai da sarakunan zango saƙon murya na minti ɗaya, da Hausa da Twi da Dagbani, duk ranar da iska ta ɓaci?

Wata jimla ɗaya nake so kada a manta a saƙon. Mu mun saba ɗaukar tarin hunturu da wasa, a sha citta da zuma a kwanta. A ce a fili: yaron da numfashinsa ke fita da sauri, haƙarƙarinsa na lotsawa, ko dattijon da ƙirjinsa ya riƙe, a kai shi asibiti a daren, ko a kira lambar gaggawa 112, kada a jira gari ya waye.