Ni dai awara na ji ta ce

Jiya a wajen ɗaurin aure wani ya ƙwala min kira daga can bayan rumfa, "Awara!", a gaban surukina, kuma na waiga. Abin da ya fi ƙona min rai kenan, waigawar. Tunda dai sunan nan ya ƙi mutuwa gara in ba da labarin da bakina, don wanda Dogo ɗan ajinmu yake bayarwa a guruf ya sha gishiri har ya yi yawa.

2006 ne, shekarar ƙidaya da husufin rana, muna SS2, cikin watan Mayu, irin zafin nan na Kano kafin ruwan farko ya sauka wanda ko ƙadangare sai ya nemi inuwa. Aka ce baƙi za su zo daga Amurka, ɗaliban jami'a da malaminsu, an riga an zaga da su Kurmi da marinar Ƙofar Mata, sun hau Dala sun shiga Gidan Makama, sai wani ya kawo shawarar a kai su su ga makaranta, tsautsayi ya faɗo kan tamu. Sati guda muna leba. Duwatsun bakin hanya an shafe su da farar ƙasa har da gindin dalbejiya, lab ɗin da ba mu taɓa ganin cikinsa ba aka buɗe aka share yana, ranar kuma maimakon gabza shinkafa aka dafa har da nama, wanda ya ci ya san ban yi ƙarya ba. Firinsifal ya tsaya a asambili ya ce duk wanda aka ji da banakula ranar bulala goma, Hausa ko ta tari ce.

Ni kuma lokacin ni ne sarkin dibet, kun sani, kai na rawa, kalma in ba ta kai gaɓa huɗu ba ba na kula ta. Ni aka ba jawabin maraba, na yi shi tsaf ba gargada aka tafa, duk da na lura baƙin suna kallona kamar mai karanta musu takardar kotu. Daga nan firinsifal ya ja malaminsu da malamin Turancinmu ofis, aka rarraba mana ɗaliban mu zaga da su. Ni aka haɗa ni da wata siririya mai gashi kamar gemun masara, bayis, wato mataimakin firinsifal, yana biye da mu, Dogo da wasu 'yan aji suna bin baya kamar 'yan rakiyar amarya.

To tun a nan na gane akwai matsala. Turancin da aka koya mana daban, wanda yake fitowa daga hancin yarinyar nan daban. Ta yi magana mai tsawo sai in tsinci kalma ɗaya, in ce yes in gyaɗa kai in yi murmushi, ta yi dariya in yi, ta daina in daina. Mun fito daga laburare mun doshi hostel rana ta take, fuskarta ta yi jawur kamar tumatirin Kadawa, sai ta ɗaga wata gora da take rataye da ita, ba komai a ciki, ta girgiza min ita a fuska. Ni kuma da tarbiyyata na ce ai nauyi ta yi mata, na sa hannu biyu na karɓa na riƙe mata. Ta dube ni, ta dubi gorar, ta ce wani abu wani abu "wara".

Na ce fadin? Ta ce "wara", a hankali, har da nuna baki.

Wallahi tallahi awara na ji. Kuma kada wanda ya ce min komai, mu "wota" aka koya mana, da t ɗinta a tsaye, haka malamin Turanci yake faɗa haka muke ji a BBC, babu wanda ya taɓa gaya mana akwai wata ƙasa da ake mayar da t ta koma r a tsakiyar kalma. Ga ta tana nuna baki, ga ƙamshin suyar Iya mai awara yana tasowa daga bakin get daidai lokacin. Kai ma da kai ne. Nan take lissafi ya haɗu a kaina, na ce an ba ta a Kurmi ta ɗanɗana ta ji daɗi, shi ne take nema. Na juya wajen bayis cikin Turancin dibet na sanar da shi cewa baƙuwarmu mai daraja tana sha'awar awara. Ya ɗan yi jim, ya ce in ƙara tambayar ta. Ta sake cewa wara. Bayis ya gyaɗa kai irin na manya ya ce tabbas, shi ma abin da ya ji kenan. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. Ya zaro naira ɗari ya ce maza, kuma kada in kawo a leda, in biya staf rum in ɗauki faranti.

Na zuba da gudu, gorar baiwar Allah tana hannuna. Baba mai gadi ya tare ni na ce aiken bayis ne na Turawa, ya buɗe. Iya da ta ji wa za a kai wa sai ta ce a'a, bari a soya sabuwa, ta tsame ta daga mai tana ƙuna, ta yanka kabeji da albasa, ta ɗebi yaji ta barbaɗa ta sake ɗiba ta ce don su san sun zo Kano, na ce Iya ƙara. Ni na ce ta ƙara. Kuma ga inda in na tuna nake jin kamar in nutse, a gefen Iya akwai yarinya da bokitin fiya wata mai ƙanƙara, naira biyar biyar, ni da na sha gudu ƙishirwa ta kama ni na sayi ɗaya da canjin bayis na fasa na sha a tsaye, na wanke fuska da sauran. Da gorarta a hammatata. Ban kawo komai a raina ba.

Na dawo na same su a gindin bishiya an ba ta benci, mutane sun ƙaru don labari ya zaga cewa Baturiya ta ce awara take so, har masu girki sun leƙo. Na durƙusa na miƙa faranti. Ta kalli farantin ta kalle ni ta kalli gorarta, ta ɗauki ɗaya ta juya ta, sai ta ce "tofu?" Ni kuma na ji "to fa", na waiga na ce wa jama'a kun ji har ta fara Hausa, aka yi shewa aka tafa. Yarinya dai da kunya, ga mutum wajen hamsin sun zuba mata ido suna murmushi, ta dangwali yajin nan sosai don ta ga haka na nuna mata, ta kai baki.

Ban taɓa ganin mutum ya canja kala sau uku a minti ɗaya ba sai ranar. Ta yi ja, ta yi wani shuɗi shuɗi, ta dawo ja. Hawaye, majina, tari, tana fifita baki da hannu tana cewa wara, wara, fliz wara, ni kuma ina tsaye da ƙirji a buɗe na ce wa bayis ta ce a ƙaro. Bayis har ya sa hannu a aljihu.

Sai muka ji sallama a bayanmu, cikakkiya. Malaminsu ne, dogon dattijo mai furfura da hula zanna a ka, firinsifal na biye da shi. Ya dubi yarinyar ya dubi faranti ya dube ni ya ce, "Samari, ruwa taka biɗa. Ruwan sha." Da Hausa. Hausar ma ba irin tamu ba, irin ta mutanen Maraɗi, ashe yana saurayi ya yi shekara biyu a wani ƙauye can a Nijar cikin 'yan aikin sa kai na Peace Corps, mu muna ta fasa kai da Turanci tun safe mutumin nan yana jin duk gulmar da ake yi. Wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai tarinta. Wani daga baya ya ce "banakula, bulala goma", kuma na san muryar waye, sai dariya ta ɓarke, irin wadda har masu girki suna riƙe bango. Aka ruga ofis aka kwaso ruwan roba, ashe katan biyu firinsifal ya saya ya kulle a kula yana jiran lokacin walima, ta shanye ɗaya ba ta sauke ba ta karɓi ta biyu.

Dattijon nan shi a ganinsa ceto na zai yi. Ya dafa kafaɗata ya ce ba laifina ba ne, su a can haka suke faɗa, Turawan Ingila ne suke cewa wota, ya ce in faɗi tawa, na faɗa, ya ce ta faɗi tata, ta ce wara da muryar wadda ta sha kuka, aka sake kwashewa, ya ce in maimaita irin tata, na maimaita, sau uku a gaban duk makaranta kamar ɗan aji ɗaya. Ya ƙara da cewa su ma suna da awara, tofu suke ce mata, daga Sin ta samo asali, waken suya ne dai iri ɗaya sai dai su ba sa zuba mata wuta haka. Ka ga "to fa" ɗin ma ta tashi a banza. Ni dai ina tsaye da faranti, murmushin ya bushe a fuskata na rasa yadda zan sauke shi.

Yanzu Dogo. Dogo ya sani. Yayansa yana da shagon haya na kaset, duk hutu a can yake kwana yana kallon finafinan Amurka da kokawa, daga baya da bakinsa ya ce tun "wara" ta farko ya gane, ya ga na karɓi gora ya yi shiru, ya ga na zura da gudu ya yi shiru, wai yana so ya ga iya gudun ruwana. Duk don an ba ni jawabin maraba ba a ba shi ba, alhali shi ko sunansa aka tambaye shi da Turanci sai ya yi gyaran murya sau biyu. Mutumin da na ba aron sandal ranar bizitin, na rufa masa asiri lokacin da ya tsallake katanga ya tafi kallon ƙwallo. Yau ɗana in ya gan shi Ɗan Awara yake ce masa, yaron har amsawa yake don yana ba shi alawa, kuma na gani da idona a wayarsa haka ya yi sebin lambata. Ya ce wai ya nemi gafara. Bai nema ba, dariya ya yi ya ce a yafi juna, ba ɗaya ba ne.

Shi kuma bayis, Allah ya ji ƙansa, a gaban firinsifal ya ce shi dama ya ji kamar ruwa ta ce, yaron ne ya dage. Washegari ya aiko a kira ni na zaci haƙuri zai ba ni, ashe canjinsa yake nema, da na ce saura naira biyar na sha ruwa da ita ya daɗe yana kallona bai ce komai ba.

Surukina dai a mota ya tambaye ni wane irin suna ne wannan na ce sana'ar gidanmu ce da. Gorar kuwa a rikicin nan ba ta karɓa ba, ni ma ban tuna ba sai da motarsu ta fita, mai kyau ce wallahi, ruwa ba ya ɗumi a ciki da wuri, na yi wajen tam biyu ina amfani da ita kafin a sace a hostel. Ba na zargin kowa amma gadon Dogo ne a kusa da lokata.