Huɗuba ba share fagen sallar Juma'a ba ce

Jama'a, akwai wata ɗabi'a da ta zama mana jiki har mun daina ganin muninta. Mutum ya auna lokacin da liman zai sauko daga mumbari, ya iso ana tayar da iƙama, ya shimfiɗa darduma a bakin titi, ya yi raka'a biyu, liman na sallama shi yana laluben takalmi. A fiƙihance sallarsa ta yi, ba mai ce masa ya rama. Amma abin da aka tara mutane dominsa ya wuce shi.

Aya ta 9 a Suratul Jumu'a cewa ta yi idan aka yi kiran salla a tafi zuwa ga ambaton Allah, a bar ciniki, kuma malaman tafsiri da yawa sun ce huɗuba na cikin wannan ambaton. Aya ta 11 ta fi fito da shi fili. Ayarin fatake ya shigo Madina Annabi (SAW) yana tsaye yana huɗuba, mutane suka watse zuwa wurin kaya, saura mutum 12. Laifin da ayar ta ambata shi ne sun bar shi a tsaye. Malikiyya sun sharɗanta mazaje 12 mazauna gari, ban da liman, su kasance tun daga huɗuba har sallama. Shafi'iyya da Hambaliyya sun ce 40, Hanafiyya uku ban da liman. Sun saɓa a adadi, amma duk mazhabobin huɗu sun haɗu a kan cewa ba Juma'a sai da huɗuba kafin salla. Ke nan mai zuwa a makare, zaman wasu ne ya tsayar masa da Juma'ar da ya tarar.

Ladan sammako ma a jere yake a hadisi: na farko kamar ya yi sadaka da raƙumi, sai saniya, sai rago mai ƙaho, sai kaza, sai ƙwai. Da liman ya fito, mala'ikun da ke rubuta masu zuwa sun naɗe takardu sun zauna sauraro. Wanda ya zo bayan haka ko ƙwan bai samu ba.

Makara kuma takan ja asarar da ta fi ta lada. Wanda ya riski ruku'un raka'a ta biyu, raka'a ɗaya zai kawo bayan sallama, Juma'arsa ta cika. Wanda ya tarar liman ya riga ya ɗago daga wannan ruku'un, a wajen Malik da Shafi'i da Ahmad, Azahar zai yi raka'a huɗu. Ku lura da sahun ƙarshe, za ku ga masu shiga ana tahiya su tashi su kawo biyu su fice. Na waje kuwa, da lasifika ta ɗauke, sai a rasa wa ke ruku'u wa ke sujada. Abin takaici, sau da yawa akwai gurbi a ciki: na farkon zuwa sun jingina da bango kusa da ƙofa sun bar gaba wayam, na baya kuma in ya ce zai shiga sai ya tsallake wuyan mutane, alhali Annabi ya ce wa mai yin haka ya zauna, ya cutar. Maganin kawai a cike sahu daga gaba.

Wanka a yi shi bayan fitowar alfijir, kuma a wajen Malikiyya ya haɗe da tafiya masallaci, kada a yi tun da safe a koma barci. Da an fara huɗuba baki ya mutu. Ko ka ce wa na kusa da kai "yi shiru", ka yi yasasshen zance. An ma hana wasa da tsakuwa, balle latsa waya. Raka'a biyu na gaisuwar masallaci ga wanda ya shigo ana huɗuba, Shafi'iyya da Hambaliyya sun ce ya yi su a taƙaice saboda hadisin Sulaik, sahabin da ya shigo ana huɗuba Annabi ya umarce shi ya yi su, Malikiyya sun ce ya zauna. Saɓani ne tsoho, bai kai a harari juna ba.

Malamanmu limamai, da girmamawa, ku ma da naku. Hadisin Ammar bin Yasir ya ce tsawaita salla da taƙaita huɗuba alama ce ta fahimtar mutum. Yau an juya: huɗuba ta kusa awa guda, salla minti biyar. Ga tsoho mai ciwon gwiwa, ga mai riƙe da alwala da ƙyar, ga ma'aikacin da aka ba shi awa ɗaya. Wasu daga cikin masu makarar nan da gangan suke yi, don sun san ba abin da za su ji sai maimaici ko habaici ga wani ɓangare. Liman na da kusan huɗuba 50 a shekara, gaban jama'ar da ba ta da izinin katse shi. Mas'ala ɗaya a mako, da harshen da mutane ke ji, cikin minti 15 zuwa 20, ta isa ta gyara yadda unguwa ke cin bashi, rabon gado da riƙon marayu.

Kuma mumbarin nan tun asali na damuwar jama'a ne. Anas ya ba da labarin balaraben ƙauye da ya miƙe ana huɗuba ya ce dukiya ta halaka, iyali na yunwa, a roƙa musu ruwa. Annabi ya ɗaga hannu, aka yi ta ruwa har Juma'a ta zagayo, aka sake miƙewa ana cewa gine-gine sun rushe, ya roƙa ruwan ya koma kewaye.

Mace, matafiyi, yaro da majinyaci Juma'a ba ta wajaba a kansu ba, in sun halarta ta isar musu. Namiji baligi mai lafiya da ya bar Juma'a uku don sakaci, hadisi ya ce ana rufe zuciyarsa. Masu ɗaukar ma'aikata su sani aya ta 10 ta ce a watse neman arziki da an idar, ba yini guda ake nema ba. Kwamitin masallaci kuma ya liƙa lokacin hawa mumbari a ƙofa, liman ya tsaya a kansa, don ma'aikaci ya san ƙarfe nawa zai nemi izinin fita da ƙarfe nawa zai koma.